Studs Terkel, Mai Rikodan Shikago: Amsa ga Wani Ɗalibin Aikin Jarida

Wani ɗalibi mai karatun aikin jarida ya aiko mini da tambaya cewa malaminsu yana yawan ambaton wani Ba'amurke mai suna Studs Terkel duk lokacin da aka zo darasin hira, don haka yana so ya san ko wane ne wannan mutum, kuma yana so ya ji ko ya dace a kira shi masanin tarihi, tun da an ce masa ma'aikacin rediyo ne wanda bai yi karatun tarihi a jami'a ba.

Ɗan'uwa, na gode da wannan tambaya, domin ta taɓo mutumin da na daɗe ina koyon sana'a daga ayyukansa. Malaminku bai yi kuskure ba da yake yawan kawo muku shi, kuma rabin tambayarka na biyu shi ne ainihin inda masana suka yi ta ja-in-ja a kansa tun yana raye. Amma ba za a fahimci wannan taƙaddama ba sai an san inda ya fito, saboda kunnen da ya yi suna da shi a zauren gidan iyayensa ya samo shi.

Sunansa na yanka Louis Terkel, an kuma haife shi a birnin New York ranar 16 ga Mayu, 1912. Iyayensa Yahudawa ne da suka yi ƙaura daga daular Rasha, mahaifinsa kuwa tela ne. Yana ƙaramin yaro suka koma Shikago, inda iyalin suka shiga sana'ar bayar da hayar ɗakuna ga baƙi, kuma daga 1926 zuwa 1936 suka riƙe wani masauki mai suna Wells-Grand. Mazauna wannan masauki galibi maza ne masu cin abinci da guminsu: kafintoci, masu dafa abinci, leburori da masu gyaran injuna. Da yamma sukan taru a zauren masaukin su yi ta gardama, 'yan ƙungiyar ƙwadago a gefe guda, masu ganin ƙungiya fitina ce a ɗaya gefen, shi kuma yaron yana zaune yana kasa kunne. Da kasuwar hannun jari ta faɗi a watan Oktoba na 1929, tattalin arzikin Amurka ya karye har ya kai ga a 1933 kusan mutum ɗaya cikin kowane ma'aikata huɗu ba shi da aikin yi, sai ya ga da idonsa yadda mutanen da a da suke dawowa ranar biyan albashi da fara'a suka koma zaman kashe wando a zaure, rai a ɓace, ana faɗa a kan abin da bai kai ya kawo ba. Kusa da masaukin kuma akwai wani dandali da mutanen gari suka laƙaba wa Bughouse Square, inda kowa yake iya hawa kan akwati ya yi wa jama'a jawabi, mai wa'azi da ɗan gurguzu da wanda ma ba a san inda ya dosa ba. Shi da kansa ya sha faɗa cewa waɗannan wurare biyu su ne makarantarsa ta gaskiya.

Ya yi karatu a Jami'ar Shikago, ya sami digirin farko a 1932, sannan na aikin lauya a 1934, amma bai yi sana'ar lauya ba. Wasan kwaikwayo ya ja hankalinsa, ya riƙa fitowa a wasannin rediyo, yawanci a matsayin ɗan daba saboda kaushin muryarsa. Laƙabin Studs ya samo shi ne daga sunan tauraron wasu littattafan ƙirƙira na James T. Farrell da aka gina labarinsu a Shikago. Ya kuma yi aiki a sashen rediyo na shirin da gwamnatin Shugaba Roosevelt ta kafa don sama wa marubuta aikin yi a lokacin karayar arzikin. Wannan shiri ne, a wani ɓangare nasa, ya tura mutane suka ɗauko labarin tsofaffin bayi fiye da 2,300 daga bakinsu tsakanin 1936 da 1938, saboda haka Terkel ya taso ne a zamanin da aka fara ɗaukar maganar talaka a matsayin abin adanawa. A 1939 ya auri Ida Goldberg, ma'aikaciyar jin daɗin jama'a, suka zauna tare shekara 60 har rasuwarta a 1999.

A tsakiyar shekarun 1940 ya buɗe wani shirin kiɗa a rediyo mai suna The Wax Museum, inda yake haɗa kiɗan jazz da waƙoƙin gargajiya da na coci da na opera a zama ɗaya, kuma a nan ne ya yi ta sa faifan Mahalia Jackson, mawaƙiyar cocin baƙar fata, har fararen fata da yawa suka fara jin muryarta. Daga nan ya shiga talabijin da shirin Studs' Place, wanda aka shirya kamar ana zaune a wani ƙaramin gidan cin abinci, 'yan wasa suna ƙirƙiro zance nan take ba tare da rubutaccen labari ba. Shirin ya karɓu, amma bai daɗe ba, domin lokacin ya zo daidai da farautar waɗanda ake zargi da kwaminisanci, wadda aka fi saninta da sunan Sanata Joseph McCarthy. Terkel ya sa hannu a takardun koke masu yawa, na yaƙi da wariyar launin fata, da na soke harajin da ake hana baƙar fata jefa ƙuri'a da shi, da na ƙayyade kuɗin haya. Aka nemi ya ce yaudararsa aka yi, ya janye. Kamar yadda ya ba da labari, da aka ce masa 'yan kwaminis ne suka shirya waɗannan takardu, sai ya tambaya ko idan 'yan kwaminis suka fito suna yaƙi da cutar kansa, wajibi ne kowa ya fito yana goyon bayan cutar. Ya ƙi janyewa, shirin ya mutu, manyan kafofi suka rufe masa ƙofa. Daga baya, da kamfanin CBS ya nemi ya sa hannu a takardar rantsuwar biyayya kafin ya ci gaba da aiki a shirin Mahalia Jackson na rediyo, ita ce ta tsaya kai da fata ta ce in za a kore shi, to a nemo wata Mahalia.

Korar da aka yi masa daga talabijin ce ta kai shi wata ƙaramar tashar FM ta Shikago mai suna WFMT a 1952, kuma a can ya zauna har 1997, shekara 45 ke nan yana gabatar da shirin awa ɗaya a ranakun aiki. Ya zanta da Martin Luther King, da Simone de Beauvoir, da Bob Dylan tun yana matashi, da Muhammad Ali, da Maya Angelou. Ya je har gida ya sami masanin falsafa Bertrand Russell a Birtaniya a 1962, shekarar da aka yi rikicin makamai masu linzami na Kyuba, ya kuma je Afirka ta Kudu a 1963 ya gana da Albert Luthuli, jagoran masu yaƙi da wariyar launin fata, a lokacin da gwamnatin wariya ta killace shi. Abin da baƙinsa suka fi yabawa shi ne shirin da yake yi kafin ya zauna da su. Idan marubuci zai zo, sai ya karance littafinsa daga bango zuwa bango, ya ja layi, ya yi rubutu a gefen shafi, har marubucin ya ga littafin nasa ya ji jiki a kan tebur.

Dubi hirarsa da James Baldwin, marubuci Ba'amurke baƙar fata, a 1961. Bai fara da tambaya ba. Faifan Bessie Smith ya sa, waƙar wata mata da ambaliya ta raba da gidanta, aka saurara, sannan ya juya ya tambayi Baldwin abin da yake ji. Terkel ya riga ya karanta a rubutun Baldwin cewa ya tafi da faya-fayan wannan mawaƙiya wani ƙauye a tsaunukan Suwizalan lokacin da yake fama da littafinsa na farko. Sai Baldwin ya shiga bayanin yadda a Amurka yake gudun irin wannan waƙa don kunyar asalinsa, da yadda muryar matar ta dawo masa da irin maganar da yake ji yana yaro. Ba a kai minti biyar ba, an riga an isa wurin da wani ɗan jarida zai yi awa guda bai kusance shi ba. Mai sauraro zai ɗauka baiwa ce kawai, alhali kwanaki aka yi ana karatu kafin a zaɓi wannan faifai.

Littafinsa na farko, Giants of Jazz, ya fito a 1957, amma aikin da duniya ta san shi da shi bai soma ba sai da ya haura shekara 50. André Schiffrin, na kamfanin ɗab'i na Pantheon, ya buga wani littafi na Jan Myrdal wanda ya tattara maganganun mutanen wani ƙauye a ƙasar Sin, sai ya ba Terkel shawarar ya yi irinsa da Shikago. Abin da ya haifar da Division Street: America a 1967 ke nan, inda mutum kimanin 70, mai kuɗi da talaka, baƙi da fari, kowa ya faɗi yadda yake ganin birnin da zamaninsa. Hard Times ya biyo baya a 1970 a kan shekarun karayar arziki, sannan Working a 1974, wanda a ganina shi ne ƙololuwar aikinsa.

Tambayar da ya ɗora Working a kanta mai sauƙi ce: me kake yi tun safe har dare, kuma yaya kake ji game da shi? Ya yi wa mutum fiye da 100 wannan tambaya, daga ɗan kwana-kwana da mai haƙar kabari zuwa mai jera motoci a wurin ajiya, da matar da ke raba abinci a gidan cin abinci, da shugaban kamfani. Akwai wani lebura a masana'antar ƙarfe wanda maganarsa ba ta fita daga raina. Ya ce abin da yake ci masa tuwo a ƙwarya shi ne ba ya ganin inda ƙarfen da yake ɗauka yake zuwa, kuma da zai so a ce a jikin kowane dogon bene an ware wani siririn wuri tun daga sama har ƙasa an rubuta sunan duk magini da duk mai aikin lantarki da ya yi aiki a wurin, don mutum ya zo da ɗansa wata rana ya nuna masa sunansa. Matar gidan abincin kuwa ta yi bayanin yadda take ajiye faranti a tebur ba tare da ya yi ƙara ba, da yadda ranta yake ɓaci idan wani ya tambaye ta me ya sa mace kamarta ta tsaya a wannan aiki, kamar shi bai cancanci a yi masa hidima da kyau ba. Ƙididdigar albashi ba za ta taɓa gaya maka wannan ba. Littafin ya ƙunshi ashar irin ta ma'aikata, kuma a 1982, da wasu iyaye a garin Girard na jihar Pennsylvania suka nemi a cire shi daga makaranta, Terkel ya tafi garin da ƙafarsa ya tsaya gaban taron ya kare mutanen da suka yi maganar.

Yadda yake aikin bai da wani sirri mai yawa. Yakan ɗauki rikodarsa ya hau bas, domin bai taɓa koyon tuƙi ba, ya sami mutum a kicin ɗinsa ko a wurin shan shayi, ba tare da jerin tambayoyi a takarda ba. Bai iya sarrafa na'ura sosai ba, kuma ya lura cewa wannan yana taimakonsa, domin idan mutum ya ce masa ai zaren ba ya juyawa, ya sa hannu ya gyara, to daga nan ya daina jin cewa wani babba ne ya zo daga gidan rediyo, ya fara jin ana bukatarsa. Yakan ba da labarin wata mata mai 'ya'ya a rukunin gidajen talakawa na gwamnati, wadda bayan an gama hira yaranta suka matsa a kunna musu muryar uwarsu. Da ta saurari kanta sai ta dafe baki ta ce ba ta taɓa sanin haka take ji ba. Ni ma na ɗanɗana kishiyar wannan a farkon aikina, lokacin da na zauna da wani dattijo tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa. Ya zo kan labarin ranar da aka sallame shi, sai ya yi shiru, ni kuma don tsoron kada zare ya tafi a banza na jefa masa wata tambayar a kan albashi. Ya amsa mini cikin ladabi, amma bai sake komawa wancan wuri ba, kuma bai daɗe ba ya rasu. Har yau idan na saurari kaset ɗin nakan ji inda na yanke shi.

Yanzu ga tambayarka ta biyu. Masu suka suna da hujjoji, kuma bai kamata a raina su ba. Da farko, abin da kake karantawa a littafin Terkel ba shi ne duk abin da aka faɗa ba. Akan juya hirar zuwa rubutu, ta cika shafuka masu yawa, shi kuma ya yi ta tankaɗe da rairaya har ya rage kaɗan, aikin da ya kamanta da na masu wanke yashi don neman zinariya. Yakan cire mafi yawan tambayoyinsa, yakan sauya jerin zance, yakan kuma canza wa mutane da yawa suna don ya kare su, ta yadda mai bincike ba zai iya komawa ya tantance ba. Bayan haka, shi mutum ne mai ra'ayi, ɗan goyon bayan ƙungiyoyin ƙwadago ne tun daga ƙuruciya har tsufa, kuma duk da ya ba masu adawa da shi fili sun yi magana, zaɓen wanda za a ji da wanda za a rufe littafi da shi yana hannunsa. Sannan ga raunin tunawa: wanda yake ba da labarin 1932 a 1969 yana magana ne da bakin dattijon da ya zama, ba da na saurayin da ya ga abin ba.

Terkel bai ɓoye wannan ba, domin a gabatarwar Hard Times ya faɗa ƙarara cewa littafin tunawa ne, ba kundin alƙaluma ba. Masanin tarihi Michael Frisch, a wani sharhi da ya yi wa littafin a farkon shekarun 1970, ya nuna cewa darajarsa tana cikin yadda mutane suke tunawa ɗin kanta. Mutane da dama a littafin sun ɗora wa kansu laifin rasa aiki, suna jin kunya kamar su suka gaza, alhali bankuna ne suka rushe, masana'antu suka rufe. Wannan kunya hujja ce ta tarihi, tana bayyana wani abu game da tarbiyyar Amurkawa da siyasarsu wanda babu takardar gwamnati da za ta nuna. Saboda haka ra'ayina shi ne ya cancanci sunan, matuƙar an san irin tarihin da yake yi. Idan kana neman ranar da aka yi abu ko adadin waɗanda suka mutu, ka nufi ma'adanar takardu. Idan kana neman yadda abin ya sauka a kan mutane, da yadda suka ɗauke shi shekara da shekaru, to wurinsa za ka je. Ka tuna kuma cewa lokacin da Allan Nevins ya kafa ofishin tarihin baka a Jami'ar Columbia a 1948, manyan mutane aka fi bi da rikoda, ministoci da alƙalai da attajirai. Terkel yana cikin waɗanda suka juya makirufo zuwa ƙasa, kuma shi ne ya sa jama'a masu yawa suka sayi irin wannan littafi suka karanta.

A nan ya kamata ka bambance abu biyu da ɗalibanmu suke yawan haɗawa. Akwai labarin da ake gada daga kaka da kakanni, irin wanda muke cewa kunne ya girmi kaka, kamar jerin sarakuna da kirarinsu. Akwai kuma shaidar mutum a kan abin da ya gani da idonsa, wadda ita ce fagen Terkel. Mu ma muna da misali mai kyau na wannan na biyun, wato labarin Baba ta Karo, wanda Mary Smith ta rubuta daga bakinta a ƙasar Zazzau a 1949 da 1950, aka buga shi a 1954, shekara 13 kafin Division Street. Tambayoyin da ake yi wa Terkel, na wa ya zaɓa da me aka cire, su ne dai ya kamata a yi wa wannan littafin.

Littafinsa na Yaƙin Duniya na Biyu, "The Good War", wato "Yaƙi Mai Kyau", ya fito a 1984 ya kuma ci kyautar Pulitzer a 1985. Da gangan ya sa sunan cikin alamar zance, domin a ganinsa kalmar kyau da kalmar yaƙi ba sa zama inuwa ɗaya. A ciki, kusa da sojojin da suke alfahari da nasara, ya zaunar da baƙaƙen sojoji da suka yi yaƙi a rundunar da aka ware su, da Amurkawa 'yan asalin Japan da gwamnatinsu ta tsare a sansanoni, da waɗanda suka tsira daga bom ɗin Hiroshima. Hirar da shi kansa yake yawan ambata kuwa tana cikin American Dreams: Lost and Found na 1980, wato ta C. P. Ellis, tsohon shugaban ƙungiyar Ku Klux Klan ta fararen fata masu ƙin baƙar fata a garin Durham na jihar North Carolina. Ellis ɗan talakawa ne da ya yi ta aiki bai ga riba ba, ya nemi wanda zai ɗora wa laifi, ƙungiyar ta ba shi riga da muƙami. A 1971 aka haɗa shi da Ann Atwater, baƙar fata mai fafutukar haƙƙin jama'a wadda ya tsana, su shugabanci taron kwana 10 a kan haɗe makarantun garin, kuma a nan ya gano cewa 'ya'yansa da nata irin wahala ɗaya suke sha. Ya bar ƙungiyar, daga baya ya zama jami'in ƙungiyar ƙwadago wadda yawancin 'ya'yanta baƙar fata ne. Da Terkel ya shiga wurinsa da niyyar kunyata shi, da ba mu ji ko ɗaya daga cikin wannan ba.

Bai ajiye aiki ba don tsufa. Ya fitar da Race a 1992 a kan launin fata, da Coming of Age a 1995 a kan tsofaffi, da Will the Circle Be Unbroken? a 2001 a kan mutuwa, wanda ya yi aikinsa a daidai lokacin da ya rasa matarsa. A 2006, yana da shekara 94, ya shiga cikin masu ƙarar kamfanin waya na AT&T a kan zargin miƙa wa hukumar leƙen asiri bayanan wayar jama'a, ko da yake kotu ta kori ƙarar. Ya rasu a gidansa a Shikago ranar 31 ga Oktoba, 2008, yana da shekara 96, saura kwana huɗu a yi zaɓen da ya kawo Barack Obama, mazaunin birnin nasa.

Shirye-shiryensa na WFMT fiye da 5,000 suna nan a adane, kuma tashar tare da gidan tarihin Shikago sun ɗora da yawa daga cikinsu a intanet, kowa yana iya saurara kyauta. Shawarata gare ka ita ce ka fara da hirar Baldwin ta 1961, ka riƙe takarda da biro, ka rubuta kowace tambaya da Terkel ya yi, ka auna tsawonta da tsawon amsar da ta jawo, ka kuma ƙirga daƙiƙun da yake bari su wuce kafin ya sake buɗe baki.